Kare Mai Baki

A rumfar mai sayar da karnuka, wani dattijo ya tsaya gaban keji.

"Baba, na gadi kake so? Ga wannan baƙin, irin na waje ne. Ɓarawo ko katangarka ba zai taɓa ba."

"Yana haushi?"

"Ba ya surutu, sai cizo."

"To ba shi nake nema ba. Ba ni mai baki, wanda duk unguwa za ta ji."

"Maƙwabta za su yi ƙorafi fa. Dukiya ce a gidan?"

"Wace dukiya, ɗana? Yara sun watse, uwarsu ta rasu."

"To gadin me zai yi?"

"Ranar da gari ya waye ban buɗe ƙofa ba, ya yi ta haushi har wani ya leƙo."