Littattafai Uku da Ba a Dawo Mini da Su Ba

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Maris, alif ɗari tara da casa'in da takwas, bayan la'asar, Alhaji Uwaisu, wancan da ke layin gaba yana gyara hula, ya shigo zaurena ya ari littafi, ya ce zai dawo da shi ranar Litinin. Shekara ashirin da shida ke nan ina jiran Litinin ɗin.

Shugaba, a yi mini afuwa, na san ba haka ake fara jawabi ba, abin ne ya daɗe a maƙogwarona. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban taro, Malam Badamasi. Mai girma Dagaci da masu unguwanni. Limamanmu da malamanmu. Malama Naja'atu, shugabar wannan ɗakin karatu da muke buɗewa yau a Garo. Baƙinmu na Gwarzo da Durun da Masanawa. Iyaye mata, matasa, jama'a baki ɗaya, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana.

Na gode da aka tuna da ni. Na yi karatu lokacin da karatu ke da daraja, na koyar shekara talatin da biyar, na ajiye alli, ba wanda ya ƙara tambayata ko ƙarfe nawa. Sai ga Malama Naja'atu har gida, ta durƙusa ta ce, "Baba Muhammad Nur, roƙo biyu na zo da shi. Ka faɗa wa yara littattafan da Hausarsu ta fi daɗi, kuma ka ba mu akwatin littattafan nan naka da ake labari." Na ce an gama. Ga kantar da aka ware wa littattafaina can a bayana, an rubuta sunana a kai, babu komai a cikinta. Za mu zo kanta.

Na farko shi ne wanda Alhaji Uwaisu ya ara: Damina a Masanawa, na malamina, marigayi Malam Hammadu Jalo. Ku ji yadda ya buɗe shi: "Ruwan fari ya sauka da asuba. Kafin hantsi gari ya zama na tsofaffi da kaji." Bai ce an tafi gona ba, bai ce an ɗauki fartanya ba, amma kowa a nan ya ga garin, ya ji ƙamshin ƙasa. Matasa, ku karanta shi ku koyi barin magana inda ta isa.

Na biyu, Wasiƙun Zinnira. Hajiya Murja ce ta are shi, ta ce maigidanta zai karanta mata, alhali duk Garo an san wa ke karanta wa wani a gidan. Wata 'yar makiyaya ce take rubuta wa yayanta da ya tafi neman aiki Fatakwal. Ko sau ɗaya ba ta ce tana kewarsa ba. Cewa ta yi, "Saniyarka ta haihu. Ban sa wa ɗan suna ba, ina jiranka. Yanzu har ya yi ƙaho." Wanda ya karanta wannan bai ajiye littafin ya yi shiru ba, a duba lafiyarsa.

Na uku na dariya ne, Mijinyawa Mai Haƙar Rijiya. Jimlolinsa dogaye ne kamar igiyar guga, suna ta sauka, suna ta sauka, ka ce sun ɓace, sai su hauro da ruwa. Da ƙarfi ake karanta shi. Na taɓa karanta wa 'yan aji shida, hedimasta ya leƙo ya ga ko lafiya, ya ƙare a bencin baya yana share hawaye. Wanda ya ari wannan ba zan faɗi sunansa ba, saboda girman kujerar da yake kai yau. Malam Badamasi, sha ruwa.

Bayan na ukun nan ne na rantse ba zan ƙara ba kowa aro ba. Na tattara sauran, na zuba a akwatin katako, na sa kwaɗo, na kai ɗakin hatsi na dire shi a ƙasa. Maiɗakina Raliya, ga ta can cikin mata, ta ce, "Malam, ko buhun dawa ba a ajiye shi a ƙasa. Ka ɗora shi a kan duwatsu, ka riƙa buɗewa yana shan iska." Na ce, "Raliya, wannan ilimi ne, ba dawa ba." Ta ce, "To ai gara ba ta yi makaranta ba, Malam."

Ranar Larabar da ta wuce na je ɗauko shi. Kwaɗo na nan lafiya lau, ba wanda ya taɓa shi. Na ɗaga akwati, akwati ya taso, gindinsa ya zauna. Babu komai a ciki sai jar ƙasa da gara tana ta kai da kawo. Raliya ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, sannan ta kira kajinta. Ku yi dariyarku, ni ma na yi, daga baya.

Yanzu ku dubi teburin nan. Littattafan nan uku ga su, waɗanda suka are su ne suka kawo su yau a matsayin gudummawa, da sunana a bangon ciki, ko kunya babu. Sun yi baƙi, sun sha manja, an ɗinke ɗaya da zaren buhu. Alhaji Uwaisu ya ce nasa ya zaga gida goma sha ɗaya, har Kabo ya je ya dawo. Wanda aka ara ya rayu, wanda na kulle ya zama ƙasa.

Shi ya sa nake roƙo. Na ji kwamiti ya sayo kabad mai gilashi da kwaɗo, ya yanke cewa ba za a fita da littafi ko ɗaya ba, don kada a ɓatar. Malama Naja'atu, ni ne mutumin da ya fi kowa iya kulle littafi a ƙasar nan, ga kantata can ku gani. Ku ba da aro. Ku ba yaro, ku ba matar aure, ku ba mai shayi. Wasu ba za su dawo ba, na fi kowa sani. Alhaji Uwaisu, na yafe, amma ban manta Litinin ba.

Allah ya albarkaci wannan ɗaki, ya cika shi da masu karatu. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya jiƙan Malam Hammadu Jalo.

Kafin ya rasu ya damƙa mini littafinsa na biyu, rubutun hannu, ya ce in kai a buga. Ya fi na farkon daɗi. Ni kaɗai na taɓa karanta shi, kuma babu wani kwafi. Yana cikin akwatin.

Na gode.