Takardar Ƙarshe ta Malam Buba Maruta

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan taro, wakilin Hakimi, dagatan Maruta da Kangire da Surko, malamai da ɗalibai, ardo-ardon da suka baro shanu a ruga don su halarta, iyayenmu mata da ke zaune can gindin tsamiya, jama'ar Birnin Kudu da Gwaram baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga waɗanda suka gina wannan ɗakin karatu suka sa masa sunan malamina, marigayi Malam Buba Maruta. Ina kuma godiya da aka ce ni, Abdussalami, ƙaramin ɗalibinsa, in yi bayaninsa, ko da yake masu shirya taron sun san in na kama magana sai an janye ni.

Na farko, wane ne Malam? Ɗan makiyaya ne da ya bi ayarin alhazai a ƙasa, ya tsaya karatu a Sudan da Masar shekara goma sha biyu, ya dawo shekarar da aka sami mulkin kai. Ya san nahawu, ya san lugga, har ya tattara kalmomin Larabci da suka shige bakin Bahaushe da Bafulatani ba su sani ba. Bayan la'asar yakan zauna ya zuba wa duwatsun garin nan ido, inda mutanen farko suka zana shanu a jikin dutse, har mu ɗauka barci ya sace shi. Sai ya ce mana, "Wanda ya zana shanun nan, nashi sun ɓace masa ne. Mutum ba ya zana abin da ke gabansa."

Na biyu, aikinsa. Malam ya rubuta ƙagaggen labari da Larabci, labarin wani matafiyi da ya nufi gabas neman ilimi, amma duk garin da ya sauka sai ya ji ƙamshin ƙasar garinsu bayan ruwan fari, duk kogin da ya tsallaka sai ya ga kamar matan garinsu ne ke wanki a bakinsa. Ya rubuta shi yadda malamanmu ke yi, a warwatsattsun takardu cikin gafaka, babu ɗinki, babu lamba. Sai dai a ƙasan kowace takarda yakan sa kalmar da ta gaba za ta fara da ita, don kada tsari ya rikice.

Allah ya yi masa rasuwa shekara goma sha biyu da suka wuce, ina Kano. Ranar addu'ar bakwai jama'a suka cika gidan, kowa na roƙon albarkar Malam. Matarsa, Inna Turai, ba ta karanta Larabci, kuma a wurinmu duk abin da malami ya rubuta da baƙaƙen nan abin tsari ne. Ta buɗe gafaka, ta ba kowa takarda ɗai-ɗai, dukawa suka ɗinke su layu. Ban ga laifinta ba, ban ga laifinku ba. Ni kaina da na iso na tarar da gafaka wayam, ta ɗaura mini kambu a damtse, na kuwa san abin da ke ciki.

Shekara uku ke nan ina bin ruga-ruga da ƙauye-ƙauye, ina roƙo a farke, in kwafa, a mayar a ɗinke. Na sami labarin Malam a wuyan jarirai, na same shi a ƙugun 'yan dambe, na same shi a ƙahon saniya. Ardo Maikano na Surko, ga shi can yana murmushi, da na karanta masa tasa, ashe bayanin wani mai sayar da kankana ne a kasuwar Sudan. Ya ce mini, "To, Malam, ko ma mene ne, saniyar nan dai ba ta taɓa ɓari ba. Ɗinke mini abina."

Na uku, kuma shi ne ya tsayar da ni gabanku. Masu maɗaba'a a Kano sun yarda su buga littafin, amma sun ce ba sa buga labari marar ƙarshe, kuma ba za su jira mu wuce kaka ba. Takarda biyu suka rage, na ƙarshen. Ɗaya tana wuyan Inna Turai. Da na roƙe ta sai ta ce, "Shi kaɗai ya bar mini, ɗan nan. Ka farke na kowa, naka yana damtsenka. Je ka farke naka tukuna."

Ta yi gaskiya, kuma na ji kunya. Da kambun nan na je Sudan na dawo, ina koyar da nahawu ina jin tsoron aska ta taɓa shi, don ina ganin ranar da na buɗe shi, a ranar ne Malam zai mutu mini da gaske. Yau da safe na farke shi. Ga takardar a hannuna.

A cikinta matafiyin ya dawo. Ya tsufa, ƙafafunsa sun faffashe, ya tsaya a bakin rijiyar garinsu da hantsi, bai san ko akwai wanda zai gane shi ba. Wata mata tana jan guga, ta ɗago kai. Ya buɗe baki zai kira ta, sai takardar ta ƙare.

Inna, kin ji na ce Malam yakan sa kalmar gaba a ƙasan takarda. Kalmar da ke ƙasan tawa sunanki ce, Turai. Abin da ya faɗa miki bayan sunan, shekara goma sha biyu yana rataye a wuyanki, ba wanda ya karanta miki. Ban roƙe ki don maɗaba'a ba yanzu. Ki ba ni in karanta miki ke kaɗai, da Hausa, in ɗinke miki da hannuna. In kin ji kin ce duniya ta ji, a buga. In kin ce naki ne, wallahi littafin ya zauna haka.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa. Allah ya albarkaci wannan ɗaki da masu shigarsa, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Inna, ina nan gindin tsamiya bayan an tashi, da askata da zarena.

Na gode.