Gardamar Mosko a Shagon Muntaka Tela

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan zama, dattijonmu Alhaji Maman Lawali; malamanmu da suka ɗage karatun yamma suka zo; ya Shaikh Hamad, kafilin ɗan'uwanmu, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar nan, kuma mai shagon da yake ɗinki a ciki, ahlan wa sahlan, mun san Hausarka ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba, amma na kusa da kai zai fassara maka; teloli da 'yan kasuwar Bab Makka; direbobi abokan sana'ata; iyayenmu mata da ke bayan labule, Hajiya Indo tana gabansu; jama'ar Ammariyya da ta Ruwais, mutanen Nijar da na Najeriya da na Cadi; sannan wanda muka taru dominsa, Malam Muntaka tela, wanda ya shigo wurin nan da ƙafarsa, ya kuma amsa sallamarmu da bakinsa: ina yi muku barka da zuwa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isha'aku, mutumin Maraɗi, direban motar sanyi mai ɗauko daskararrun kaji daga tashar jirgin ruwa ta nan Jidda. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya ba ɗan Adam harshe, ya karɓa idan ya so, ya mayar idan ya ga dama. Bayan haka, na san wasu suna mamakin a ce walimar samun lafiyar Malam Muntaka, amma aka tsayar da mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana sa masa ciwon kai. Ku yi mini haƙuri, zan faɗi dalili, zan kuma bi shi daki-daki.

Na farko, asalin gardamar. A shekarar 1985 gidajen rediyo masu Hausa suka yi ta shirye-shiryen cikar shekara arba'in da ƙare yaƙin duniya na biyu. Ni ina kama tashar Jamus a mota, shi yana kama ta Mosko a shago. Ran wata Juma'a bayan La'asar na kawo masa wando ya rage mini tsawo, sai na ce, ai saura ƙiris Jamus ta cinye Rasha. Ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ya dube ni. Wandon nan bai ɗinku ba sai bayan sati uku.

Ga matasanmu da aka haifa a nan, abin da ya faru shi ne, a watan Yuni na 1941 Jamus ta auka wa Rasha da soja fiye da miliyan uku. Suka yi ta kutsawa har suka kai bakin Mosko a watan Disamba, sai aka tsayar da su, kuma bayan shekara uku da 'yan watanni Rashawa ne suka shiga birnin Balin. Wannan ba mu taɓa yin musu a kansa ba. Musunmu a kan "da" ne. Da sun fara a watan Mayu, kafin damina da sanyi su cim musu. Da sun miƙe sak zuwa Mosko, ba su karkata kudu ba. Da an ba su tufafin sanyi. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, to mu ƙeyar wasu muka ara, muka zauna muna ta sosawa kowace Juma'a.

Malam Muntaka ya ware yadi biyu na farin akoko ya zana ƙasar da allin tela. Baƙin kwarkwaron zare shi ne Jamus, ja shi ne Rasha, wani babban maɓallin kwat shi ne Mosko. Ni hujjata hujjar direba ce. Na ce na tuƙa daga Jidda zuwa Dammam ban yi gezau ba, nisa ba ya kayar da namiji. Shi kuma hujjarsa ta tela ce. Ya ce, "Isha'aku, duk almajirin ɗinkin da ya ja zare mai tsawo don ƙyuyar sake zurawa, zaren zai harɗe masa kafin ya kai rabin riga. Man fetur ɗinsu da abincinsu da harsashinsu duk a zare ɗaya suke tafe tun daga Jamus. Ko sun shiga Mosko, zaren ya riga ya yi tsawo." Na ce ɗinki daban, yaƙi daban. Ya ce wauta dai iri ɗaya ce.

A nan dole in gode wa shugaban zama, domin shi ya yi wa gardamarmu shinge. Mahaifinsa sojan Faransa ne, Jamusawa suka kama shi a 1940, ya dawo gida yana ba da labarin yadda aka ware waɗansu baƙaƙen fata daga cikin fursunoni aka harbe su. Tun ranar farko Alhaji ya ce mana, "Ku yi musu a kan ko za su iya, amma kada in ji wanda ya ce ina ma sun iya. Da sun ci, da irinmu ba mu da wurin zama mu sha shayi." Shekara goma sha huɗu babu wanda ya tsallake wannan shinge, kuma ni ma da nake riƙe da baƙin zare, Allah ya sani ban taɓa yi musu fatan nasara ba.

Na biyu, maganar sanyi, wadda ita ce abin kunyata. Jama'a, mu mutanen rana ne. An haife mu a rana, muka yi ƙaura zuwa inda ta fi zafi. Sanyin da na sani shi ne wanda ake kora da bargo da kunun tsamiya. Don haka na kafe cewa sanyi ba zai tsayar da soja ba, a ba kowa bargo biyu, halas, magana ta ƙare. Wata Juma'a a 1991 Malam Muntaka ya ce, "Motarka tana ina?" Na ce tana bakin titi. Ya ce, "Nawa sanyin bayanta?" Na ce goma sha takwas ƙasa da sifili. Ya ce, "A bakin Mosko ya kai talatin. Na yafe maka sha biyu. Yalla, shiga."

Shekara da shekaru ina tuƙa motar nan, iyakata in buɗe ƙofa 'yan dako su sauke kaya. Na sa rigar sanyi, na naɗa rawani, na yafa bargo biyu kamar yadda na faɗa, na shiga na zauna a tsakanin kwalayen kaji. Shi ya riƙe agogo, Alhaji ya riƙe ƙofa. Na yi niyyar awa guda. Minti goma sha ɗaya na yi, na fara dukan ƙofa da goshi, don hannu ya ƙi naɗuwa. Da na fito, mutumin nan bai yi dariya ba. Sai ya miƙo mini allura da zare ya ce, "Zura." Na yi, na yi, allurar ta faɗi ƙasa. Ya ce, "To da wannan hannun za ka harba bindiga?" Ni kuwa saboda taurin kai na ce ai Bajamushe ya fi ni sabawa.

Na uku, abin da ya tara mu. Wata takwas da suka wuce, Malam Muntaka ya faɗi a gaban kekensa. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Likita ya ce wa uwargidansa Hajiya Indo hankalinsa yana nan, yana jin komai, amma idan harshen bai motsa ba a watannin farko, da wuya ya dawo. Muka yi ta zuwa dubiya kamar yadda aka rene mu. A shiga a hankali, a yi ƙasa da murya, a ce ya jiki, a amsa wa kai da sauƙi, a yi addu'a a fita. A wurinmu ba a musu a gaban majinyaci, ba a ɓata masa rai, duk abin da ya nuna sai a ce haka ne. Sati shida muna wannan ladabi, shi kuwa kullum sai ya juya fuska bango. Ni kaina na kasa zama minti biyar a ɗakin, domin shirunsa yana ba ni tsoro, kuma na fara fidda rai.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hajiya Indo ce ta tare mu a ƙofa ta ce, "Alhaji, ku gafarce ni. Kun mayar mini da miji gawa tun yana numfashi. Mutumin da shekara talatin ban taɓa faɗar magana ya bar ta ta wuce ba, shi kuke wa raɗa? Ku je ku ɗauko ƙyallen nan naku, ku zo ku yi masa surutun da kuka saba." Kunya ta kama mu, muka je muka ɗauko.

Muka shimfiɗa akoko a gaban gadonsa a Ammariyya. Na riƙe baƙin zare na shiga zuba son raina, babu mai tsayar da ni. Juma'ar farko ya juyo daga bango. Ta biyu ya bi hannuna da ido. Ta uku na ce tsakanin iyakar Jamus da Mosko bai kai Makka zuwa Madina ba, sai ya ɗaga hannun hagu ya ture kwarkwarona ƙasa. A ta huɗu, Allah ya gafarta mini, na dubi jama'a na ce, ni da na yi awa guda cur a bayan motar sanyi na fito ina gumi, wa zai gaya mini sanyi? Sai muka ji wani gurnani daga gado. Leɓensa yana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce, "Sha... ɗaya." Alhaji Maman Lawali ya rufe fuska da hula. Ni kuwa na yi kuka a gaban mata, ban ji kunya ba.

Don haka ina godiya. Ina godiya ga Hajiya Indo, wadda ta san maganin da ba a sayarwa a kantin magani. Ina godiya ga Shaikh Hamad, wanda ya sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, yana kwance, ya ce kekensa ba mai taɓa shi sai ya dawo, jazakallahu khairan. Ina godiya ga telolin Bab Makka da suka raba ɗinkin da ya bari suka gama da sunansa. Ina godiya ga duk wanda ya zauna ya saurari ƙaryata bai tona ni ba. Yanzu ya koma shago rabin yini, magana tana zuwa a hankali, hannun dama bai gama sakewa ba. Idan na sauke kaya nakan biya in zura masa zare a allurai goma in jera a gefen keke, ni da na kasa zura ɗaya.

Saura abu na ƙarshe, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malam Muntaka, tun ranar da allurar nan ta faɗi daga hannuna na san kai ke da gaskiya. Shekara takwas ina ɓoyewa. Jiya na same shi na ce zan tsaya a gaban jama'a in sallama, a naɗe ƙyalle, a huta. Ya tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ce magana mafi tsawo da ya yi tun da ya kwanta. Ya ce, "Isha'aku, in ka sallama, Juma'a mai zuwa me zan ce?"

To ku shaida. Na sallama maganar sanyi, na sallama maganar zare. Amma maganar watan Mayu ban sallama ba, ba kuwa zan sallama ba muddin yana da bakin da zai ƙaryata ni. Da sun fara a watan Mayu, Malam, da sun shiga Mosko. Ga shi can ya ɗaga hannu yana girgiza kai. Ajiye ta sai Juma'a bayan La'asar, ina nan tafe da baƙin zarena.

Allah ya cika masa lafiya, ya sake masa hannu kamar yadda ya sake masa harshe. Allah ya saka wa iyalinsa da wannan jama'a da alheri, ya jiƙan iyayenmu da suka ga yaƙi, ya nisanta shi daga ƙasashenmu da wannan ƙasa da ta karɓe mu, ya bar mana shi a kan yadi biyu na akoko. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.