Tabon Allura a Hannun Munira

Munira: Salamu alaikum. Baba Maiwada, Munira ce, daga makaranta.

Maiwada: Alaikumus salam. Likitar Hunkuyi da kanta! Ya Makarfi?

Munira: Lafiya lau, Baba. Ina wuni? Ya su Inna Talatu?

Maiwada: Duk lafiya. Ya karatu? Ya abokina Salman, ya fara rarrafe?

Munira: Ya fara. Ga shi goye a bayana, yana barci.

Maiwada: Madalla. Ɗaga murya, ina kasuwar hatsi, ana loda masara.

Munira: Ba zan iya ɗagawa ba. A bayan aji na ɓuya.

Maiwada: Ɓuya kuma? Me ya faru?

Munira: Yau aka koya mana awon hawan jini. Kowa ta naɗe hannun riga. Malamarmu ta kama hannuna za ta ɗaura abin awon, sai ta tsaya tana kallo.

Maiwada: Kallon me?

Munira: Tabon allurar da ake yi wa jarirai. Na 'yan ajinmu duk a damtse yake, can sama. Nawa yana ƙasan gwiwar hannu, inda ake yi a Nijar.

Maiwada: Ke, wa ke duba wannan?

Munira: Ita ta duba. Ta ce shekararta ashirin tana allura a ƙauyukan Kudan, har da Hunkuyi, ba ta taɓa ganin an yi a ƙasan gwiwar hannu ba. Ta ce a ina aka haife ni. Na ce Hunkuyi. Baba, ba ta yarda ba, kowa ya gani.

Maiwada: To ai 'yar Hunkuyi ce ke. Kina shekara huɗu uwarki ta zo da ke daga Tasawa ta Nijar, a gidana ta rasu. Ni na kai ki firamare da sunana. Wa kika sani a can?

Munira: Ba kowa. Amma takardar shaidar asali da na kawo cewa ta yi kai ka haife ni. Da ita aka ba ni gurbin... Baba? Kana ji?

Maiwada: Layin ne ke yankewa. Ci gaba.

Munira: Malamar ta kai maganar ofis. Sun ce gobe ƙarfe goma in zo da mahaifina gaban kwamiti. Wata 'yar ajinmu ta ce in suka gano, 'yan shige da fice ake kira, a sa mutum a mota sai boda.

Maiwada: Surutun yara ne.

Munira: In ba surutu ba ne fa? Wata huɗu ya rage in yi jarrabawar fita. Baban Salman yana hanyar Legas da tirela, wayarsa a kashe tun jiya. In suka ɗauke ni, da yaron za su tafi ko raba mu za su yi? Wallahi tsoro nake ji.

Maiwada: Kwantar da hankalinki. Da sassafe zan hau mota.

Munira: Akwai saura. 'Yar ajin namu ta ce shugaban kwamitin ba ya yarda da baki kawai. Alƙur'ani yake miƙo wa mutum.

Maiwada: Alƙur'ani...

Munira: Baba, layin ne?

Maiwada: Ba layin ba ne.

Munira: Katin wayata ya kusa ƙarewa. Za ka zo?

Maiwada: Zan zo. Zan ce ni na ci da ke, ni na tufatar da ke, ni na aurar da ke. Wannan ko sau goma zan dafa.

Munira: Ba shi za su tambaya ba. Cewa za su yi, kai ka haife ta?

Maiwada: Munira, na sa hannu a takarda don ki yi karatu, ban yi nadama ba. Amma Littafin Allah...

Munira: Baba, don Allah. Ba ni da wani uban da zan kai musu. Ka ce mini kawai gobe za ka...

Maiwada: Munira? Alo? Munira, ban ce a'a ba tukuna. Munira?