Hoton Nas a Bangon Tasha

A tashar mota wata mai goyo ta tarar da wani tsoho yana ɓare hoton wata nas mai takarar majalisar ƙasa.

"Haba Baba! Don baƙuwa ce? Ita fa ta karɓi haihuwar yaron nan!"

"Rage murya, 'yata. Dubi hoton da kyau."

Ta duba. An ƙwaƙule idanun, an ja jan layi a wuya.

"Innalillahi! Aikin wa?"

"Da na sani da na samu barci. Lokacin da take aiki a asibiti, ba wanda ya taɓa tambayar daga ina muka zo."

"Kuka zo? Baba, 'yarka ce?"

"Ta fari. Taya ni ɓarewa, yanzu 'ya'yanta za su wuce ta nan zuwa makaranta."