Warin Gonar Iku

A tashar Suleja, ana jiran motar Minna ta cika, kowa ya ja baya daga Rukayya saboda ledar da ke cinyarta. Wani dattijo ne kaɗai ya matso kusa da ita.

"'Yata, ruɓaɓɓen kabeji ne wannan?"

"Shi ne, Baba, a yi haƙuri da warin. Ɗakin binciken makarantarmu zan kai shi, mu gano ƙwayar cutar da ke narkar da shi."

"Mai sa ganye ya yi laushi, ya koma ruwa?"

"Ita ce. Ka taɓa noma shi ke nan?"

"A Iku, bakin rafi. In na shiga da sassafe, raɓa har gwiwa take jiƙa ni. Shekara biyu a jere cutar nan ta cinye min komai, sai na sayar da gonar."

"Ayya! In mun gano ta, ai sai a san yadda za a kare shi."

"Ɗakunan haya ne a wurin yanzu, 'yata."

Rukayya ta jawo wata leda za ta ƙara rufe kabejin.

"A'a, bar shi haka," in ji dattijon. "Rabona da jin warin gonata an daɗe."