Ranar da Na Kife Ƙanena da Masaki

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Inna Tumba daga Bilbis. Na ji kuna zancen barin jariri a hannun yaro, na ce sai na yi magana.

Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, ina 'yar mitsitsiya, aka haifa mini ƙanne tagwaye, Hassan da Husaini. Wata rana Innarmu ta goya Hassan za ta rijiya, ta ce, "Tumba, tsare Husaini."

Sai ga shirwa tana shawagi. Ni kuwa na saba ganin Inna tana kife 'yan tsaki da kwando. Na jawo masaki, wato ƙatuwar ƙwarya, na kife Husaini, na haye na zauna!

Inna ta dawo ta ce, "Ina yaron?"

Na ce, "Na ɓoye shi, kada shirwa ta ɗauka."

Ta saki tulu ya fashe, ta ɗaga masakin tana salati. Yaro ya jiƙe sharkaf da gumi, ko motsi babu. Sai da aka yayyafa masa ruwa ya tsala ihu.

Iyaye mata, ku ji tsoron Allah! Yaro abin da ya gani shi yake yi.

A gaishe mini da Malam Husaini a Bungudu, wanda har yau, da furfurarsa, Na-Masaki ake ce masa.